Sandar Kanya da Na Sassaƙa wa Baba

Baba bai taɓa son sandar asibiti ba. Tun da gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo, likita ya ce ya riƙa dogarawa, muka sayo masa irin ta alminiyam ɗin nan mai ramuka da maɓalli, wadda ake ƙara mata tsawo a rage. In zai tafi sallar asuba, tun daga zaure kake jin ta ƙaras-ƙaras har ya sha kwana. Wata rana ya jingine ta da bango ya ce da ni, "Wannan aba duk inda na bi sai ta yi wa mutane shelar ba ni da lafiya. Ubana ya riƙe sanda har ya rasu, ba wanda ya taɓa yi masa sannu saboda ita."

Na shiga kasuwar Kurmi na sayo masa kwagiri mai sheƙi, an sha shi da banish, an yi masa zanen baƙi da ja. A lokacin yanar ido ta riga ta fara rufe masa idanu. Ya karɓa, ya shafa daga sama har ƙasa, ya tambaye ni, "Ka ce da zane? Ina yake?" Na rasa amsa. Zanen yana nan, amma na ido ne kawai, hannu ba ya samun komai sai santsi. A daren na gane irin sandar da ta dace da shi: wadda adonta zai taso, yatsa ya bi shi ya karanta.

Na yi ta duba hotuna a intanet. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata sanda da wani baƙar fatar Amurka, Henry Gudgell, wanda aka haifa cikin bauta, ya sassaƙa a jihar Missouri wajen 1867, yanzu tana ajiye a gidan kayan fasaha na Jami'ar Yale. Ga ƙadangare, ga kunkuru, ga maciji ya nannaɗe ta, duk sun taso daga jikin itacen kamar an ɗora su, alhali ba abin da aka ɗora. Abin da ke kewaye da su aka tone, su aka bari. Na adana hoton a waya, da hutun Disamba ya zo na hau mota zuwa ƙauyen su mahaifiyata a ƙasar Rano, wurin Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, masassaƙi ɗan masassaƙi. Turmi, taɓarya, akushi, muciya, kujerar mata, ƙotar fartanya, allo, duk yana yi, kuma a ƙuruciyarsa ya yi wa limamai da dagatai sanduna masu ado. Na same shi a gindin tsamiya, gizago a hannu, turmi rabin aiki tsakanin ƙafafunsa. Bayan gaisuwa na miƙa masa wayar, na kuma ajiye wani reshen darbejiya miƙaƙƙe da na saro a bayan gidanmu kwana uku da suka wuce.

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Wannan mutumin ya san itace. Zane mai tudu ke nan, ba tsagawa ba. Amma ɗana, mai rai ba zan koya maka ba." Ya tuna mini labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas yana cewa da yin surori yake ci, aka ce masa in ya zama dole ya yi, to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Ya ƙara da cewa, "Kuma sandar da za ta shiga sahun gaba kullum sau biyar ce." Ban yi gardama ba, don na san Baba ma ba zai riƙe maciji ya shiga masallaci ba.

Sai ya ɗauki reshen nawa ya buga gindinsa a kan dutse. Ya ba da wani amo mai nauyi, dif. Ya tashi ya shiga madafa, ya zaro wata sanda baƙa ƙirin da hayaƙi daga cikin rufin, ya buga ta a wuri guda. Ta yi ƙara siririya, kamar an taɓa ƙwarya busasshiya.

"Ka ji bambanci? Taka ɗanya ce. Ka sassaƙa ta yau, kafin hunturu ya wuce ta tsage, tsagar kuma ta tsakiyar zanenka za ta bi."

Ta hannunsa kanya ce, ta shekara biyu a rataye. Ya ce zai ba ni, amma ba da kuɗi ba. Sai na shiga daji na saro biyu na rataye a gurbinta, don haka shi ma ya gada: wanda ya ɗauki busasshiya, ya bar ɗanya ga na baya.

Washegari da sassafe muka bi bakin rafi, sanyi na ratsa riga. Kanyar da ya nufa a kan wani tsohon suri ta tsiro, kamar yadda kanya ta saba. Na ce masa abin mamaki, itace a kan gidan gara. Ya ce ai shi ya sa ake son ta, gara ba ta cika samun yadda take so da itacen kanya ba, ga shi naman itacen a matse yake, ba ya da manyan jijiyoyi, yana riƙe zane. Ya ambaci sandar Annabi Sulaiman, wadda gara ta ci har ya faɗi, sannan aljanu suka san ya rasu. Ya ce mai yin sanda ba ya mantawa da wannan ayar. Na tambaye shi itacen da ya fi kowanne daɗin aiki a wurinsa. Ya ce madobiya, mai jan ciki, amma ya manta rabon da ya ga babba a tsaye. Wannan na san labarinsa: ita ce ake kira "madrid" a Taraba, wadda aka yi ta lodi a tirela ana kaiwa tashar jiragen ruwa zuwa Sin, har a 2016 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Kawu bai san sunan yarjejeniyar ba, kututturan kawai ya gani.

Ba kowane reshe ne sanda ba. Wanda ake nema shi ne tsiron da ya miƙe sama daga jikin wani reshe mai kauri, sai a sare shi haɗe da guntun uwar tasa, wannan guntun shi zai zama mariƙi. Mariƙin da itace ya haifa da kansa ya fi wanda aka haɗa da ƙusa ko gam ƙarfi nesa ba kusa ba, don jijiyoyin sun riga sun lanƙwasa tare. Muka sari biyu, kowacce ta fi tsawon da ake buƙata da kusan taƙi guda. A gida ya narka kakin zuma a gwangwani, ya tsoma bakunan. Ruwan itace ta baki yake saurin fita, in baki ya bushe ciki yana ɗanye sai ya ja ya tsage. Kaki yana rage wannan gaggawar, ɓawon da aka bari a jiki ma haka. Ƙarin tsawon kuwa, in bakin ya tsage duk da haka, a yanke a yar. Muka ɗaure su da igiya muka rataye a tsaye cikin madafa, inda ba rana, ga hayaƙi na korar ƙwari.

Na zaci daga nan sai zane. Kwana uku Kawu bai bar ni na taɓa kanyar ba, wasa wuƙa kawai nake yi. Kayan aikin ƙanana ne ƙwarai, ba ruwansu da gatari da gizago da kurfi. Wuƙa guda wadda maƙerin garin ya ƙera daga tsohon sifirin mota, bakinta bai fi gaɓa biyu na yatsa ba. Ƙusoshin kankare biyu da aka buge bakinsu aka wasa, suka zama ƙananan cizal. Sai wani abu da ya burge ni: guntun ƙarfen lema, irin mai kwarmi a tsakiya, an wasa bakinsa an dasa shi a ƙota, yana fidda itace siriri kamar taliya. Ana wasawa a dutse da ruwa, a kwantar da bakin a kusurwa guda ba a ɗagawa, har sai ka ji wani ɗan kaushi ya juyo ta ɗaya gefen, sannan a goge a bayan tsohuwar fata. Gwajinsa shi ne a yanki bakin itace a gicciye. In wurin ya fito da sheƙi, wuƙa ta yi. In ya fito fari-fari kamar an tauna, a koma dutse.

Sauran hutun a kan guntayen aduwa na ƙare shi, ragowar allunan da yake yi wa makarantar allo. A nan na fara gane abin da yake nufi da kwanciyar itace. Ya kamo wata akuya da ke cin ɓawo kusa da mu, ya shafa bayanta daga wuya zuwa wutsiya, sannan ya shafa a juye gashin ya mimmiƙe. "Haka itace yake. Bi kwanciyarsa, ya ba ka. Ka tayar masa, ya yage." A kan miƙaƙƙen layi abin da sauƙi. A kan da'ira kuwa, kafin ka zagayo sai ka sauya wa wuƙa alkibla sau huɗu, don kwanciyar tana juya maka baya a kowane kwata. A nan ne ma na yanke babban yatsana na hagu, da na sa shi a gaban wuƙa. Kawu ya ɗaure mini da tsumma, ya nuna mini yadda ake ajiye shi a bayan wuƙar yana tura ta a hankali, hannun dama yana riƙe linzami kawai.

Ita kanyar tana da ɗan lanƙwasa a tsakiya. Ya shafe wurin da man kaɗanya, ya riƙa juya shi a saman garwashi har ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ya sa a gwiwa ya danna, ya riƙe har ya huce. Sau uku ya yi haka ta miƙe. Na feƙe ɓawon, na bi da magagari a wurin mariƙi, sannan na kankare jikin gaba ɗaya da fasasshiyar kwalba. Baƙin hayaƙin ya tafi, wani fari mai ɗan ja-ja ya bayyana.

Tsawo kuwa ba a yin sa da ka. Kafin na taho na sa Baba ya tsaya da takalminsa, hannu a sake, na auna daga ƙasa zuwa layin wuyan hannunsa, na samu santimita 86. Haka ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta koya mana, don gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa kaɗan in an dogara. Ita ce kuma ta gyara mana wani kuskure: Baba yana riƙe sanda a hagu, ɓangaren ƙafar da ke ciwo, alhali a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙewa, sanda da ƙafa mai ciwo su taka tare. Wannan ya shafi aikina kai tsaye, don sai na san wane hannu ne zai riƙe kafin na san inda yatsa zai sauka.

Kawu ya kafa mini dokoki uku. Mariƙi a bar shi sumul, don tudu a cikin tafin hannu kanta yake sawa. Kashi ɗaya cikin uku na ƙasa kada wuƙa ta taɓa shi, nan ne sanda ke shan wahala. Zurfi kuma kada ya wuce kaurin ƙwayar dawa, wato wajen milimita 3. "Kada ka manta mutum zai ɗora nauyinsa a kai. Duk abin da ka tone, daga ƙarfinta ka ɗiba."

Na zaɓi dagi. Shi ne ƙullin nan marar farko marar ƙarshe da muke gani a wuyan riga, a jikin soraye da ƙofofi, wanda tun zamanin Sardauna ya zama tambarin Arewa. Dalilina ba tambarin ba ne. Igiyar dagi a saƙe take, nan ta hau sama can ta bi ta ƙarƙashi, yatsa zai iya kama ta a ko'ina ya bi har ya dawo inda ya fara. Na tsara biyu, gaba da baya, a ƙasa da mariƙi daidai inda manuniya ke sauka, da zobe a samansu da zobe a ƙasansu, sai sarƙa ta nannaɗo ƙasa kamar taƙi guda.

Ni malamin lissafi ne, saboda haka na fito da rula. Kaurin sandar a sama santimita 3.2, kewayenta ke nan kusan 10. Na zana dagin a takarda mai faɗin santimita 10, na naɗa. A sama bakunan takardar suka haɗu daidai, a ƙasa suka hau juna da kusan santimita guda, don sanda tana sirancewa tana sauka, kewayen a can bai fi 9 da ɗigo ba. Dagin ya karkace. Kawu bai ce komai ba, ya ciro zare daga bakin buhu, ya zagaya sandar da shi, ya yanke daidai, ya ninka biyu, ya sake ninkawa, ya sa baƙin gawayi a kowane ninki. Ya mayar da zaren ya ɗiga alamu huɗu. Ya yi haka a ƙasa da wani zaren, ya haɗa alamun sama da na ƙasa da layi. Sandar ta rabu gida huɗu daidai, kowane gida yana sirancewa tare da ita. A cikin gidajen nan na sake zana dagin da fensir, kai tsaye a jikin itace. Tun daga ranar, in zan koya wa 'yan aji biyu kewayen da'ira, da zare da gwangwani nake shiga aji.

Kafin wuƙa ta taɓa, ya sa na bi igiyar da fensir ina faɗa da baki, sama, ƙasa, sama, ƙasa, a kowace mahaɗa. Na samu wuri guda da na hau sau biyu a jere. A fensir gogewa ce kawai. Da na riga na yanka, shi ke nan. Sannan na cike duk filin da za a tone da baƙin fensir, don kada hannu ya ruɗe ya cire abin da ya kamata ya bari.

Hutu ya ƙare, na dawo Kano da sandar a naɗe cikin zane. Daga nan aikin ya koma na bayan la'asar, in na taso daga makaranta, a kan tabarma a tsakar gida, buhun yashi a gabana na kwantar da ita a kai don kada ta mirgina. Duk mako biyu na kai wa Kawu ya duba.

Yankan farko shi ne na iyaka. A kafa tsinin wuƙa a kan layi, a bi shi a hankali, ba da ƙarfi ba, a sake bi, a sake bi. Wannan yankan shi ne shingen da zai tare duk wani yanka da zai zo daga baya. A kan allo shimfiɗaɗɗe wuƙa a tsaye take, ba wata wahala. A kan sanda kuwa, tsaye ba ta da ma'ana guda, don jikin yana juyawa. Dole tsinin ya riƙa kallon zuciyar sandar a kowane wuri, wato kana yanka kana mirgina ta da hannun hagu. In ka manta, wuƙar za ta shige ƙarƙashin zanen ta rarake masa gindi ba ka sani ba. Bayan iyaka, sai a dawo cikin fili, a kwantar da wuƙa, a turo ta a karkace zuwa ga shingen. Ɗan gutsure ya ɗago, ya tsaya cak a bakin layi, ya faɗo. Sautin nan, ƙyas, har yanzu ina jin daɗinsa a kunnena. In bai faɗo da kansa ba, ba a ɓamɓararsa, a koma a ƙara zurfin iyaka.

Sauke fili shi ne ya cinye makonni. Tsakanin igiyoyin dagi akwai ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, wasu ba su kai ƙwayar wake ba, kowanne sai an tone shi da cizal ɗin ƙusa an daidaita ƙasansa da na maƙwabcinsa. Kanya busasshiya tana da tauri, kowane minti goma sha biyar sai na koma kan fata na goge wuƙa. Wata rana gida biyu kawai nake iya gamawa kafin a kira magariba. A cikin wannan zaman ne na riƙa tuna adon cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun ƙarni na 19. Zanen da ke jikin ginshiƙan nan shi ma mai tudu ne, amma magini ƙara ƙasa yake yi har zane ya taso, in ya yi kuskure ya ƙara wata. Masassaƙi ragewa kawai yake da ikon yi.

A mako na bakwai abin ya faru. Ina gyara tsinin dagin gaba, na sama, inda igiya ta lanƙwaso ta yi kusurwa. A wurin jijiyoyin itacen gajeru ne, an yanke su hagu da dama, ba abin da ke riƙe da su sai gindi. Haske ya fara raguwa, na san wuƙar ta dakushe, amma na ce bari na ƙarasa wannan. Na ƙara ƙarfi. Tsinin gaba ɗaya ya ɓalle, ya yi tsalle ya faɗa kan tabarma, guntu kamar rabin ƙwayar gyaɗa. Na zauna ina kallon farin tabon. Abin ya yi mini ciwo sosai, ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na tsince guntun na ƙulle a takarda, na sayi gam mai kamawa nan take, amma ban shafa ba, na jira Asabar.

Kawu ya juya sandar a rana, ya sa farce a ƙarƙashin sauran tsinayen, ya ce, "Ba ranar ya karye ba. Tun yankan iyaka ka rarake shi. Dubi wannan ma saura kaɗan." Na ce, "Kawu, ko in manna? Ga guntun na zo da shi." Ya ce abin da za a rataye a bango ana iya mannawa, amma sanda faɗuwa take yi, tana shan rana, tana bugun dakali, wata rana guntun zai tafi ya bar rami a inda yatsan Baba ya saba. Ya nuna mini katangar gidansa. "Dubi gindinta, dubi kanta. Wanne ya fi faɗi? Haka za ka yi wa kowace igiya, ta zauna a kan gindinta."

Gyaran shi ne na sauke tsinin da ya karye har tabon ya ɓace, ya zama gangare mai zubewa cikin fili, sannan na sauke sauran tsinaye bakwai na dagin biyu su yi daidai da shi, na bi duk gefunan igiya na kwantar da su. Kwana tara ya ci mini. Dagin ya rage tsini, ya ƙara kauri a gindi, kuma ko ni na ga ya fi zama daram.

Mahaɗun su ne suka ba zanen rai. A kowace mahaɗa, a yi wa igiyar da za ta bi ta ƙasa ɗan yankan iyaka a gefen wadda za ta hau, sannan a zaftare ta a hankali tana gangarowa zuwa wurin, daga nesa kaɗan, ba farat ɗaya ba. Abin da aka cire bai kai kaurin farce biyu ba, amma nan take ido ya yarda cewa wata ta nutse ƙarƙashin wata. Na rufe idanuna na bi da yatsa, na ji hawa da saukar. Da ƙarfen lema na ja siririn kwarmi a tsakiyar sarƙar. Filin kuma na bi shi da ƙusa mai dakusasshen baki ina ɗan bugawa da guntun itace, ɗigo kusa da ɗigo, har ya yi kaushi kamar bayan lemo. Amfaninsa biyu: yana ɓoye sawun cizal, kuma yatsa yana bambance fili mai kaushi da igiya mai santsi. Samfefa kaɗan na sa, mai laushi, a saman igiyoyin kawai. Kawu ya gargaɗe ni cewa samfefa tana cinye kaifin zane, ta mayar da shi kamar sabulun da ya sha ruwa, kuma yashinta in ya maƙale a itace yana kashe bakin wuƙa.

Rinin a ƙauye muka yi shi. Ya daka 'ya'yan bagaruwa, irin waɗanda majema ke jima da su, ya jiƙa suka kwana. Ya fara shafa kakin zuma a saman igiyoyin don kada rini ya kama su. Da gashin kaza na ɗiga ruwan bagaruwar a cikin fili, ya bushe, ba wani canji sai ɗan rawaya. Sannan ya kawo wani ruwa a kwalba, wanda tsofaffin ƙusoshi suka yi makonni a ciki suna tsatsa, ya ce ɗan'uwan kulokon dukawa ne. Ina taɓa filin da shi, wurin ya fara yin toka-toka, kafin na kai gida na uku na farko ya zama baƙi. Dagin ya fito fari a kan baƙi kamar aikin allura a wuyan riga. Inda rinin ya ɗan bi jijiya ya hau igiya, na kankare da kwalba.

Ban sa banish ba. Yana cike ƙananan ramuka, yana santsi in hannu ya yi gumi, in ya tsufa kuma ya riƙa ɓarewa. Man kaɗanya na narka na shafa da ɗumi, na bar shi ya sha, na goge, sau uku cikin mako guda, na rufe da kakin zuma na murza da tsumma har hannuna ya yi zafi. Maƙeri ya sa mata zoben ƙarfe a gindi don kada ya tsage, na sa roba a kai saboda tayil ɗin masallaci.

Ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallah na kai masa, bayan an sha ruwa. Na durƙusa na ce, "Baba, ga sanda, ku gwada." Ya karɓa da dama, tafinsa ya zauna a mariƙi, manuniyarsa ta sauka a kan dagin. Ya yi shiru. Na ga yatsan ya kama igiyar, ya hau, ya sauka, ya lanƙwasa, ya bi ta har ya zagayo. Ya juya sandar ya bi na bayan. Sannan ya dawo na gaba, ya tsaya a tsinin sama, ya shafa shi sau biyu.

"Nan wuƙa ta zame maka."

Na ce, "Ta zame, Baba."

"Kanya ce?"

"Kanya ce. Daga madafar Kawu."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka gaishe shi, ka ce na gode." Aka kira isha'i, ya miƙe da ita ya fita. Na tsaya a zaure ina saurare, ban ji komai ba sai takun takalminsa.

Da safe ya aiko ƙanwata ta kira ni. Ya ce ta ɗan yi masa tsawo, don ranar da na auna shi takalmi mai tudu ne a ƙafarsa, masallaci kuwa da silifa yake zuwa. Na cire robar da zoben, na yanke kaurin yatsa guda da zarto, na kai wa maƙeri ya mayar. Su kuma biyun da muka saro a bakin rafi suna nan a rataye a madafa. Da na je gaisuwar Sallah na buga ɗaya a kan dutse, Kawu ya karkata kunne ya ce a ba ta wani hunturun.